Ƙafa Ɗaya Har Goma

A shekarar da na dawo gida da takardar digiri daga jami'ar Aliero, ba ni da wani aiki da ya wuce zama a zauren gidanmu a Sabon Garin Jega ina duba waya. Na karanci ilimin ƙididdiga, wato ilimin da ke koya wa mutum ya tara abubuwan da suka riga suka faru ya lissafa su, domin ya yi hasashen abin da ke tafe. Babu wanda ya nemi hasashena a kan komai. Saboda haka, da yayana Labbo ya shiga matsala, sai na ɗauki matsalarsa na mayar da ita aikina, ba tare da ya roƙe ni ba.

Labbo ɗan kokawa ne. Ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara bakwai, kuma duk abin da Allah ya rage mini a jiki ya cika masa. Da rani yana dakon buhunan albasa a kasuwar Aliero, yana loda su a manyan motocin da ke gangarawa kudu. Da damina yana noman gero a gonar mahaifinmu da ke Kimba. Da kaka kuwa, in an gama ɗaure dammuna, sai ya ɗaura warkinsa na fatar akuya ya shiga fage. Kokawarsa ba ta da wani sirri. Yakan rungumi mutum ta ƙugu, ya ɗaga shi kamar yadda yake ɗaga buhu, ya ajiye shi a ƙasa, wani lokaci ma a hankali don kada ya ji masa ciwo. Shekara tara yana haka, babu wanda ya kayar da shi tsakanin Jega da Aliero.

Sai ga Gado, mutumin Gumbin Kure ta ƙasar Maiyama. Gajere ne, kansa bai kai kafaɗar Labbo ba, kuma ba ya yarda a rungume shi. Yakan duƙa ya yi ta kewaya, hannuwansa na lilo kusa da ƙasa, har sai ya ga ƙafa ta matso, sannan ya nutsa ya cafke ta ya manna a ƙirji. A kokawarmu ba sai bayan mutum ya taɓa ƙasa ba. In gwiwa ko tafin hannu ya taɓa, kaye ya tabbata. Da wannan kamun ƙafa Gado ya kayar da Labbo a Aliero shekara biyu da suka wuce, ya sake kayar da shi bara a nan Jega, a gaban mutanen unguwarmu.

Ranar kaye na biyu samari suka yi ta ihu suna kiran Labbo buhun albasa. Ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya nufi wurin makaɗa, ya ɗora tafinsa a kan ganga har ta yi shiru. Ya ce, da muryar da kowa ya ji, “In Gado ya sake kada ni, na kwance warki. Ba ni sake shiga fage har in mutu.”

An sa karawarsu ta uku a Maiyama, bayan girbin geron bana.

Ina da bidiyon kayen biyu a wayata, na kuma bi abokai na tara na wasu karawa sha ɗaya da Gado ya yi da wasu mutane. Na kalle su sau da yawa, ina tsayarwa ina mayarwa. Abin da na samu bai da yawa, amma a fili yake. Daga lokacin da Gado ya riƙe ƙafa zuwa lokacin da mai ƙafar ya taɓa ƙasa, bai taɓa wuce daƙiƙa huɗu ba. Labbo ya yi uku a Aliero, ya yi huɗu a Jega. Na rubuta wannan a wani littafi da ya rage mini daga makaranta, na ja layi a ƙarƙashinsa.

Ana atisaye ne a kan yashin bakin gulbi, bayan Kimba, da la'asar. Mai koyar da su Labbo shi ne Baba Tamu, tsohon ɗan kokawa wanda gwiwa ta zaunar, yana zama a kan buzu da sanda a hannu yana nuna kuskure da ita. Abokin gwajin Labbo kuwa Alu ne, sa'ansa kuma abokin dakonsa, mutum mai faɗin kafaɗa da yawan baki. Na yi kwana huɗu ina zuwa ina zama gefe da littafina. Suna gudu a cikin yashi, suna ɗaga juna, suna kamawa. Duk wanda ya matso kusa da Labbo sai ya tsinci kansa a sama.

A rana ta huɗu Baba Tamu ya nuno ni da sanda.

“Kamalu, mi kaka rubutawa nan tun shekaranjiya? Sunayenmu za ka kai wa gwamnati?”

“Baba, ina ƙirga sau nawa anka kama ƙafar Yaya Labbo.”

“To, sau nawa?”

“Kwana huɗu, ko sau ɗaya.”

“Madalla. Ai alheri ne.”

Na ce ba alheri ba ne, na kuma yi bayani, mai tsawo fiye da yadda ya kamata. Labbo ya shafe shekaru yana kokawa a kan ƙafa biyu. A kan ƙafa ɗaya kuwa, in aka haɗa duk rayuwarsa ta fage, daƙiƙa bakwai ya yi, kuma duka bakwai ɗin a hannun Gado ya yi su. Abokan gwajinsa ba su iya kai wa ga ƙafarsa, waɗanda za su iya kuma suna jin nauyinsa. Wato wurin da ake kayar da shi wuri ne da bai taɓa zama ba. Ƙara masa gudu ko ƙarfi ba zai canja wannan ba. Abin da zai canja shi shi ne a hana shi abin da ya iya, a tilasta masa zama inda bai iya ba, ta hanyar wasanni masu doka.

“Wane irin wasa?” in ji Labbo, yana share gumi.

“Mu fara da langa.”

Alu ya kwanta a yashi yana dariya. Langa wasan da muka yi ne muna ƙanana a dandali: mutum ya naɗe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar, yana ture abokan hamayya da kafaɗa. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita.

“Langa?” Labbo ya ce. “Ni? Da gemuna da matata da ɗiya biyu? Wanga boko naka ya taɓa maka kai.”

“Sarkin Langa na Kimba!” in ji Alu. “Allah ya ja zamaninka. In kira makaɗa?”

Baba Tamu bai yi dariya ba. Ya daɗe yana zana ƙasa da bakin sandarsa. Sannan ya ce, “Shekara biyu muna ba shi abin da munka sani. Layu ya ɗaura, rubutu ya sha, ya faɗi sau biyu. A gwada haukan yaron ga, mu gani.”

Ba zan ce yardarsa ta faranta mini rai ba. Abin da na ji ya fi kama da abin da mutum ke ji in an miƙo masa takardar jarrabawa ya ga tambayar da ya karanta.

Makon farko Labbo ya sha ƙasa. Mutumin da ke ɗaukar buhu a kowace kafaɗa bai iya tsalle ashirin da ƙafa ɗaya a cikin yashi ba. Alu, wanda ya shekara tara ana ɗaga shi sama, ya sami ranarsa, yana bin sa da kafaɗa yana kirari. Matan da ke dawowa daga wanki sukan tsaya a kan gaɓa suna kallo, labari kuma ya riga mu isa gida. Hafsatu, matar Labbo, ta tare ni a tsakar gida ta ce, “Malam Kamalu, in kun gama da langa, akwai carafke. Ina da duwatsu masu kyau.” Washegari Labbo ne ya fara isa bakin gulbi.

A mako na biyu na ƙara wasa na biyu. Na sa masa albasa ɗaya a kowane hannu, na ce ya kama da Alu haka. In ya saki albasa ya faɗi, in ya murƙushe ta ma ya faɗi. Manufata ita ce in raba shi da runguma, domin da hannu a dunƙule ba a ɗaga mutum. Dole ya nemi wata hanya ta tsayar da mai nutsowa. Ranar farko ya fasa albasa shida. Ruwanta ya shiga idonsa, yana kokawa yana hawaye.

“Kuka kaka yi tun ba a kai Maiyama ba?” in ji Alu. “Ka rage na ranar.”

Amma bayan kwanaki jikinsa ya gano abin da ban gaya masa ba, kuma da an tambaye ni ba zan iya kwatantawa ba. Ya fara danne wuyan Alu da damtse, yana jefa ƙugu baya, yana barin nauyinsa ya sauka a kan mai duƙawa. Babu wanda ya nuna masa. Dokar ce ta rufe masa sauran ƙofofi, ya bi wadda ta rage. Na ga Baba Tamu ya ɗaga sanda zai gyara wani abu, sai ya mayar da ita kan cinyarsa.

Wasa na uku shi ne wanda na fi alfahari da shi. Ana fara shi ne daga inda kokawar Labbo ke ƙarewa. Alu ya duƙa ya ɗauki ƙafarsa ta dama ya manna a ƙirji, daidai yadda Gado ke yi, sannan in ce a fara. Aikin Alu ya kayar. Aikin Labbo ya tsaya, ba a yarda ya ɗaga Alu ba, ba a yarda ya fizge da gudu ba. Ni kuma ina ƙirgawa da ƙarfi. In na kai goma yana tsaye, sai in tafa hannu, ya ci wannan zagaye.

Da farko yakan kai uku, wani lokaci huɗu. Na ja ginshiƙai a littafina, kowace rana zagaye ashirin. A mako na huɗu ya kai goma sau bakwai a cikin ashirin. A mako na shida ya kai sau sha takwas. Ya koyi tsalle kaɗan kaɗan yana bin duk inda aka ja shi, bayansa a miƙe, hannunsa a kan ƙeyar Alu. Alu ya daina zolaya, domin numfashinsa ba ya isar sa ga magana.

Akwai wani abu da Labbo ya riƙa yi a ƙarshen kowane zagaye. In na tafa, yakan saki dogon numfashi, kafaɗunsa su sauka, ya bubbugi bayan Alu sau biyu da tafi, shi kuwa ya sakar masa ƙafa. Na lura da wannan. Na ɗauke shi zumunci tsakanin abokai, ban kuma rubuta shi ba, domin ban ja masa ginshiƙi ba.

Wata la'asar, saura kwana goma, Baba Tamu ya kira ni gefe.

“Kamalu, ranar Maiyama wa za shi tafa hannu?”

“Ba a buƙata, Baba. Gado bai taɓa wuce huɗu ba. In ya kai goma bai kada shi ba, ƙarfinsa ya ƙare, dole shi saki.”

“Ka tambaye shi?”

“Wa?”

“Gado.”

Na yi murmushi. Na ce na kalli karawarsa sha uku, kowace sau da yawa.

“To,” ya ce. Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya mayar da idonsa kan yashi.

Duk da haka tambayarsa ta tsaya mini a rai, sai dai na fahimce ta yadda ta yi mini daɗi. Na ga cewa gaskiya ne, a fage akwai kiɗa da ihu, Labbo ba zai ji muryata ba. Saboda haka na gyara doka. Na daina ƙirgawa, na daina tafawa. Na ce masa ya riƙa ƙirgawa a zuciyarsa, don ya san lokacin da ya fita daga haɗari, kuma don hankalinsa ya sami abin riƙewa maimakon tsoro. A kwanaki goman ƙarshe shi ke ƙirga wa kansa. In ya kai goma ya bubbugi bayan Alu, Alu ya saki. Na ƙirga zagayen waɗannan kwanaki daga baya: ɗari biyu ne cif.

Ranar karawa muka tafi Maiyama a kan babura, ni a bayan Alu, Baba Tamu a bayan Labbo, warki a cikin buhu. An share wani fili a bayan gari inda aka riga aka kwashe gero, an zuba yashi, mutane sun kewaye shi har wasu sun hau bisa itatuwa. Mutanen Jega suna gabas, na Maiyama suna yamma. Bayan sallar la'asar aka fara da ƙananan karawa. Ban kalle su da kyau ba. Ina zaune a bakin fage kusa da Baba Tamu, littafina a aljihu, ina mamakin yadda zuciyata ba ta bugawa fiye da kullum.

Da mai lasifika ya kira sunayensu, makaɗan ɓangarorin biyu suka tashi tare. Labbo ya shigo yana takawa sannu, ya ɗaga hannu ɗaya ga mutanenmu. Wani daga yamma ya yi ihu, “Ga buhu ya zo, a kawo mota!” Wani kuma ya ce, “An ce langa kaka koyo, Labbo! Ina sauran ɗiyan?” Gado ya shigo ba kirari, ya duƙa ya shafi yashi ya murza a tafinsa. Alƙalin wasa ya duba su, ya ja da baya.

Suka yi ta kewaya. Gado ya nutsa karo na farko, Labbo ya jefa ƙugu baya ya sauke masa damtse a wuya, har sai da ya ja baya yana girgiza kai. Ya sake nutsawa, ya sake tarar da haka. Gabas ta kaure da ihu. Alu ya riƙe kafaɗata yana jijjiga ni yana cewa, “Albasa, Malam! Albasa ce wagga!” Na lura hannuwan Labbo a dunƙule suke, kamar har yanzu yana riƙe da wani abu da ba ya so ya fasa.

A karo na uku Gado ya yi kamar zai bi hagu, ya juya, ya sami ƙafar dama. Ya manna ta a ƙirji.

Yamma ta miƙe tsaye gaba ɗaya, domin sun san abin da ke biyo bayan wannan. Na fara ƙirgawa a raina. Ɗaya, biyu. Gado ya ja, Labbo ya bi shi da tsalle. Uku, huɗu. Gado ya tura, Labbo ya koma baya da tsalle biyu, bayansa a miƙe, tafinsa a kan ƙeyar Gado. Biyar. Ihun yamma ya fara raguwa, irin raguwar da ke faruwa in mutane sun buɗe baki don murna abin bai zo ba. Gado ya miƙa ƙafa zai taɗe ɗayar, Labbo ya tsallake. Shida, bakwai. Sai Gado ya daina motsi. Ya kifa kansa a cinyar Labbo ya tsaya, yana riƙe kawai, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. A cikin bidiyo sha uku ban taɓa ganin sa a haka ba. Na ce a raina ya gaji, kamar yadda na faɗa. Takwas, tara.

A kan goma na ga kafaɗun Labbo sun sauka. Na ga ya saki numfashi. Hannunsa na dama ya tashi daga ƙeyar Gado ya sauka a bayansa, sau biyu, a hankali.

Gado ya ji nauyi ya bar wuyansa. Ya miƙe da ƙafar a hannunsa. Tafin Labbo ne ya fara taɓa ƙasa, sannan bayansa.

Mutanen Maiyama suka kwararo cikin fage. Ban tashi ba. Baba Tamu ma bai tashi ba, bai kuma dube ni ba. Ta tsakanin ƙafafun mutane ina hango Labbo zaune a yashi yana kallon tafin hannunsa na dama, kamar wani ne ya ara masa shi. Gado ya ture masu son ɗaukar sa, ya je ya miƙa masa hannu ya tashe shi. Alu yana kusa, shi ya gaya mini abin da Gado ya ce.

“Wallahi Labbo, da ka ƙara kaɗan da na saki. Hannuwana sun mutu tun ɗazu. Mi ya sa ka dafa ni?”

Labbo ya ratsa mutane zuwa wurin makaɗan Jega, ya ɗora tafinsa a kan ganga. Sannan ya zaga bayan wata rumfa, ya fito sanye da wandonsa da rigarsa, warki a ninke a hannunsa. Dattawa biyu suka tare shi suna cewa magana ce ta fushi, ba a kama mutum da ita. Mai lasifika ma ya sa baki, ya ce ba a taɓa ganin wanda ya daɗe haka a hannun Gado ba. Labbo ya saurare su har suka gama, ya durƙusa ya ajiye warkin a kan buzun Baba Tamu, ya ce, “Baba, na gode.” Muka hau babura muka dawo kafin magariba.

Na yi kwana uku ban fita daga zaure ba. Na buɗe littafin na bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, ban sami lissafi ko ɗaya da ya kauce ba. Duk abin da na auna daidai yake. Na auna tsawon lokacin da Gado ke ɗauka in zai kayar, amma ban taɓa ganin abin da yake yi in bai kayar ba, domin kafin Labbo babu wanda ya kai shi wurin. Na gina wasa mai ƙarshe, na maimaita ƙarshen sau ɗaruruwa a jikin mutumin da ya yarda da ni, sannan na cire hannuna na bar masa ƙarshen a cikin kansa. Jikinsa ya koyi duk abin da na koya masa, har da abin da ban san ina koyarwa ba.

A rana ta huɗu da safe na bi shi fadama, inda yake dashen albasa. An sako ruwa a fangali, ƙasa ta yi taɓo mai santsi. Yana duƙe yana cusa yabanya ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Na cire takalmi na shiga na ɗauki dami, ko da yake ban iya jera su a layi ba.

“Yaya Labbo,” na ce bayan wani lokaci, “na tambayi malami. Ya ce in rantsuwa ce, akwai kaffara. Ka ciyar da mutum goma, ko ka yi azumi uku in ba ka da hali, ka koma fage.”

“Ba rantsuwa na yi ba,” ya ce, bai ɗago ba. “Magana na yi gaban ganga. Wagga ba ta da kaffara.”

“Laifina ne.”

“Ni na dafa shi.”

Muka ci gaba da dashe. Ya bi layina ya gyara guda uku da na karkatar. Can sai ya miƙe ya dube ni, ba da fushi ba, da irin duban da yake yi wa buhu in yana auna nauyinsa.

“Kamalu, tambaya ɗaya nika so in yi maka. Mi ya sa goma?”

Na gaya masa gaskiya. Na ce Gado bai taɓa wuce huɗu ba, sai na ninka huɗu ta zama takwas, na ga takwas ba ta cika ba, na mayar da ita goma don ta fi daɗin rubutawa.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Ya gyaɗa kai sannu. “Na ɗauka a littafi take,” ya ce.

Ya juya zai koma layinsa, sai ya taka wani abu ya tsaya. Ƙaya ce. Ya ɗaga ƙafar dama ya naɗe ta a kan gwiwar hagu, ya sunkuya da hannu biyu yana neman bakin ƙayar a cikin taɓon da ya rufe tafin. Ƙafarsa ɗaya ce a cikin santsi, ruwa na gudu ta kan idon sawunsa, babu abin dafawa a kusa. Na tarar da kaina ina ƙirgawa, ban yi niyya ba. Na wuce goma, na wuce ashirin. Bai ko girgiza ba. A kan talatin da ɗaya ya zaro ƙayar, ya duba ta, ya jefar a kan kunya, sannan ya sauke ƙafarsa ya ɗauki yabanya ta gaba.